Tukunyar da Yaya Garba Ya Yi wa Ritaya

Yayana Garba shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron sito a wata ma'aikatar gwamnati a nan Katsina. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne yanke wa kaya hukunci. Kujera ta yi ɗan gurgunta, fanka ta fara ƙara, sai ya ɗauko gwangwanin jan fenti ya shafa mata alama, shi ke nan ta tashi daga aiki. Ko shayi bai iya dafawa ba, amma ba a taɓa yin abin da ya rasa gyaran da zai yi masa ba. Da ya yi ritaya muka yi ta murna zai huta. Ba mu san da gwangwanin ya dawo gida ba.

Matarsa Hadiza tana da tukunya guda da take tuƙa tuwo a ciki, ta ƙarfe mai kauri, gindinta baƙi ƙirin, kunne ɗaya ya karye. Ta mahaifiyarta ce. Da tsohuwar ta rasu a Ƙofar Kwaya, 'yan'uwa suka yi ta ja-in-ja a kan zannuwa da gado, ita kuwa tukunyar nan kaɗai ta ɗauko. Duk unguwarmu ta Ƙofar Kaura an san ba ta ba da aronta, ko ni ƙanwar mijinta ban isa ba.

Sati biyu da ritaya, Yaya ya shiga madafa hannu a baya, gilashi a kan hanci, yana zagaye kamar mai duba-gari. Washegari sai ga shi da kwali a Keke Napep. Tukwane shida ne jajaye, masu murfin gilashi, irin waɗanda aka ce abinci ba ya kama su. Wai a gidan wani tsohon ubangidansa a GRA ya gani.

"Mi za ni yi da waɗannan, Malam?" in ji Hadiza.

"Zamani ya tahi ya bar ki," ya ce. "Waccan baƙar ai ta gama aikinta."

Ta ce a bar mata abarta. Ya ce to. Duk wanda ya san Yaya ya san "to" ɗinsa ba amincewa ba ce, ɗage zama ne kawai. Ranar Asabar da muka tafi suna ni da ita, ya shafa wa tukunyar jan fenti, ya tsayar da mai sayen gwangwan da ke wucewa da kurarsa, ya miƙa masa.

Da muka dawo ta ga wurin wayam, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ni ce na yi masifar, har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa ta hura gawayi, ta ɗora babbar cikin jajayen, ta yi talge. Da aka zo tuƙi aka ga abin dariya. Tukunyar ba ta da nauyin kirki, kowane juyi na muciya sai ta bi muciyar tana rawa. Dole Yaya da kansa ya tsuguna ya riƙe kunnuwan da tsumma, hayaƙi na shigar masa ido, yana cewa rashin sabo ne. A kwana na uku kunne ɗaya ya narke. A na biyar baƙin shafen cikin ya fara ɓarewa, tuwon ya fito da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Ya ci, ya ce ƙarin lafiya ne.

Abin da ya karya shi ƙanzo ne. Tun yana saurayi ba ya karya kumallo sai da kwaɗon ƙanzo, a jiƙa ɓawon tuwon da ya kama gindin tukunya, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa. Ya sayo tukunyar da ba ta kamu, ya kuma zauna kan tabarma da safe yana jiran ƙanzo. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun gwamnati ke nan.

Kwana goma ya daure da koko. A na sha ɗaya ya sa hula ya bi sawun mai gwangwan, daga wannan rumfa zuwa waccan, har wurin maƙeran da ke narka ƙarfe suna zuba tukwane. Suka ce kayan wancan satin ai tuni sun sha wuta. Ya sayi sabuwa fara tas, ya kawo gida yana fara'a, wai wa ya sani ko tata na cikin wannan. Hadiza ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Ƙanzo ya dawo, Yaya ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wata guda ina gidan da hantsi, tana kankare sabuwar tukunyar. Sai ta tsaya, cokali a hannu.

"Hauwa'u, kin ji? Ba haka waccan ke ƙara ba," ta ce a hankali. "In ina kankarar ta, sai in ji kamar Inna ce a tsakar gidanmu, ni kau ina kwance ban tashi ba. Nan kaɗai nike jin ta. Yanzu babu inda za ni ji."

Wallahi ban taɓa jin kunyar zama ƙanwarsa ba kamar ranar. Daga cikin ɗaki Yaya ya ɗaga labule, bakinsa duk ƙuli-ƙuli.

"Maganar tukunya ce har yanzu? Ai wannan ta ma hi waccan girma."