Haƙorin Sama na Inna Hansai

Ƙamshin kanumfari ne ya riga ta shigowa ɗakin, warin kananzir na biye da shi. Wannan rana ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ku da kuka fara aiki kwanan nan nake so ku ji labarinta.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar haƙori a wani asibitin karkara a yankin Kunci, ban daɗe da gama makaranta ba. Shekarun wahala ne. Wuta ba ta zuwa, man inji babu, a kan risho muke dafa kayan aiki. Likita sai ranar Laraba yake leƙowa, sauran kwanaki ni ce da shugaban sashenmu, Malam Garba, wanda ya tsufa a aikin.

Da hantsi, tsakiyar damina, wata matashiya mai suna Rabi ta shigo riƙe da hannun mahaifiyarta, Inna Hansai. Kuncin tsohuwar na dama ya kumbura har ya fara danne ido. Ta cusa kanumfari a ramin haƙorin, da bai yi ba ta ɗiga kananzir. Na haska bakinta da tocila. Fiƙar sama ce ta ruɓe, mugunya ta taru a dasashi, jikinta zafi rau.

Na kira Malam Garba ya duba. Ya ja ni gefe ya ce, "Asma'u, wannan ba zai jira Laraba ba. Kumburin sama yake yi. In ya shiga ido, daga nan sai cikin kai."

Na koma na durƙusa gabanta. "Inna, haƙorin nan yau za a cire shi."

"Na sama ko na ƙasa?"

"Na sama ne."

Ta ja mayafinta ta rufe baki. "A'a, 'yar nan. Ba ni ƙwaya in tafi."

Rabi ce ta yi mini bayani. A ƙauyensu kowa ya yarda jijiyar haƙorin sama da ta ido ɗaya ce, in an tumɓuke haƙorin gani ya tafi. Mahaifiyar Inna Hansai ma wanzami ya cire mata na sama, ba ta shekara ba ta makance. Ita kuma Inna ɗinkin hula take yi, da idonta take ci.

Na yi duk bayanin da aka koya mini. Na ce mai yiwuwa yanar ido ce ta kama mahaifiyarta, tsufa ke kawo ta. Na ce ciwon ne abin tsoro ga ido, cirewar ita ce magani. Har zane na yi mata a bayan kwalin magani. Ta kalli zanen da ido ɗaya.

"Kin iya zane. Amma ke kika ja uwata zuwa banɗaki, ko ni?"

Daga ƙarshe na faɗa mata abin da ban so faɗa ba, cewa in aka bar shi zai iya tafiya da ranta. Sai ta ce a bar ta ta je gida, za ta dawo bayan la'asar. Muka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, suka fita.

Na ce wa Malam Garba, "Yallaɓai, in ba ta dawo ba fa?"

"Ba a ɗaure mutum a kujera, Asma'u. Ki dafa kayanki."

Na dafa. Azahar ta wuce, hadari ya taso daga gabas, ni kuma ina bakin taga ina duban hanyar da ta ratsa gonakin gero. Kowane babur ya ɓullo sai na leƙa in ga ko su ne. Na san in ruwan nan ya sauka, kwazazzabon da ke tsakaninmu da ƙauyensu zai cika, sai gobe ko jibi. Aka yi la'asar. Masu shara suka fara rufe tagogi.

Sai ga su. Inna Hansai ta sako atamfarta ta zuwa biki, ta rambaɗa kwalli a idon da bai kumbura ba. Ta hau kujera, ta yi bisimilla, ta runtse ido.

Na yi allurar da ke kashe zafin wurin. Wurin da ya yi mugunya ba ya karɓar allura sosai, na san tana ji, amma ko uhum ba ta yi ba. Malam Garba ya riƙe tocila, na girgiza haƙorin a hankali har ya saki. Mugunya ta biyo. Na wanke, na danna auduga.

"Inna, an gama. Buɗe idonki."

Ta ƙi. Hawaye na gangarowa ta gefen kwallin. Rabi ta kama hannunta tana, "Inna, don Allah."

A hankali ta buɗe. Ta dubi rufin kwano, ta dubi Rabi, ta dube ni. Da audugar a bakinta ta ce, "Ashe ke 'yar firit ce haka. Ke kika ja haƙorin nan haka?" Malam Garba ya yi dariya har tocila na rawa.

Na daɗe ina jin daɗin cewa bayanina ne ya dawo da ita. Abin da na koya a aikin nan shi ne, mai ƙin zuwa asibiti yawanci yana da wani da ya gani da idonsa, kuma zanen kwali ba ya goge wannan.

Bayan wasu shekaru Rabi ta kawo ɗanta yana famfara. Ita ta faɗa mini cewa ranar, da suka koma gida kafin a cire haƙorin, Inna Hansai ta sa an kai ta gona ta daɗe tana kallon gero, ta tara jikokinta ta dubi fuskar kowa, ta raba zare da alluranta ga maƙwabta. Ba ta yarda da maganata ba ko kaɗan. A lokacin Rabi na da ƙaramin ciki na fari, sai Inna ta ce mata, "Mu je a cire. Ko ban gan shi ba, ai zan goya shi."