Haƙoran Kempe

Da asuba Gotthold Uhlig yana cikin dajin sarki, yana jan wani reshe da ƙanƙara ta karya. Tun da ramin kuza ya ƙare muka koma sassaƙa, ni da shi, a rumfa ɗaya. Sojoji da sarakuna muke yi na katako, masu manyan haƙora da sanda a baya. Ka sa ƙwallon ɗan itace mai taurin ɓawo a bakin, ka danna sandar, ya fasa maka. A nan kaɗai manya suke yi wa talaka aiki.

Kempe mai gadin daji ya kama shi da reshen. Ya kira shi ɓeran rami, ya ɗora hannun Gotthold na dama a kan kututture, ya sauke masa gindin bindiga sau uku. Ni na ɗaure yatsun. Biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, kowa ya ce sana'arsa ta mutu.

Bai yi kuka ba, bai kai ƙara ba. Ya koma koyon wuƙa da hagu, yana yanka kansa kullum, jini na ɓata katako. Hunturun nan duka abu ɗaya ya sassaƙa: mutum mai koriyar riga da karkataccen ido. Muƙamuƙin da itace mafi tauri ya yi shi, ya ƙara ƙusar ƙarfe. Na ce wane irin ƙwallo za a fasa da wannan, ya ci gaba da sassaƙarsa.

Ran kasuwa ya ajiye shi a gaba. Mata suka gane fuskar Kempe ce, dariya ta kai har bakin coci. Kempe ya ratso taron.

"Gurgun hannu, ni ka mayar abin wasa?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka fi shi kyau. Duba haƙoransa ka gani."

Kempe ba ɗan nan ba ne. A garinmu ko jariri ba ya sa yatsa a bakin irin wannan mutumin katako. Shi ya cusa biyu don ya ɓalle muƙamuƙin. Gotthold ya danna sandar da dukan nauyinsa. Na ji ƙarar ƙashi, Kempe ya durƙusa yana ihu, jini a kan tebur.

Kafin 'yan sanda su iso, Gotthold ya goge haƙoran da hularsa, ya sa ƙwallo ɗaya, ya fasa da hagu, ya miƙo mini rabi.