Baƙin Ɗigo a Hoton Baba

Jama'a, yau na ga mahaifiyata, wadda ta rasu ranar da ta haife ni.

Kun tuna hoton garin Parakou da marigayi Baba ya ɗauka daga saman bene zamanin juyin juya hali? Wanda kullum nake kushewa, gari a karkace, tashar jirgin ƙasa ta koma gefe? Yau na kai shi studiyo a unguwar Guéma a miƙe shi. Gwaggona ta zo daga Djougou, ta raka ni.

Mai studiyo ya buɗe shi a kwamfuta. Na ce, "Yanke baƙin ɗigon nan na ƙasa, shi ya ɓata hoton."

Ya ƙara girman wurin. Ashe mace ce tana shanya!

Gwaggo ta damƙe hannuna. "Kar a taɓa. Innarka ce. Babanka kunya ta hana shi ɗaukar matarsa a gabanmu, shi ne ya fake da gari. Ba a jima ba jandarmomi suka ƙwace kyamarar, wai yana ɗaukar tasha."

Na ce, "Ƙara girma, in ga fuskarta."

Ya ƙara, ya duba da kyau. Can ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Baya ta juya."