Ranar da Ruwan Matsirga Ya Kore Mu

Shekara uku na yi a makarantar kwana ina cika baki da Kafanchan. Na ce a garinmu jiragen ƙasa suke gaisawa, na ce muna da ruwa mai faɗowa daga kan dutse wanda ƙararsa ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Duk gaskiya ne, sai dai nakan ƙara gishiri. Ƙawata da muke gado sama da ƙasa, 'yar Kaduna, takan taɓe baki ta ce, "To 'yar ƙauye, mun ji." Da aka ba da dogon hutun damina na bana, sai ta ce za ta biyo ni ta gani da idonta.

Lokacin da na je gidansu, a mota babanta ya kai mu silima. Ni kuwa babana manomin citta ne, kuma a watan Agusta citta tana cikin ƙasa, kuɗinta ma haka. Abu ɗaya nake tsoro: ta koma makaranta ta ce babu komai a garinmu sai laka da ƙaryata.

Na kai wa Mama kukana tana tankaɗe acca. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa ya ce miki da kuɗi ake kallo a garin nan? Kai ta inda Allah ya riga ya biya."

Ranar farko na kai ta tasha. Muka zauna a kan tsofaffin katakan layin dogo muna ɗaga wa fasinjoji hannu, wasu su ɗago mana, wasu su harare mu. Da jirgin Fatakwal ya tsaya shan ruwa, matan unguwa suka yo ca da bokitai wajen kan jirgin suna ta "Mai wuta, a taimaka!" Mai zuba gawayin ya yi kamar bai ji ba, sannan ya murɗa wani ƙarfe, ruwan zafi ya feso. Na kutsa da kwanona na samu rabona. Na sirka shi da na sanyi, domin atilin da na zo da shi in ruwa ya cika zafi ƙeƙashewa yake yi, na zuba 'ya'yan a ciki suka yi laushi.

"Tsaya," in ji ƙawata. "Yanzu jirgi ne ya dafa mana abinci?"

Ta ci har leɓenta ya yi baƙi, ta roƙi ƙari.

Washegari da yamma muka leƙa majami'a inda matan zumunta suke gwajin waƙa. Wata goggona ce ke buga tulu. Tana ganin baƙuwa tana kaɗa kai sai ta jawo ta tsakiya, aka yi mata guɗa, ita kuwa ta saki jiki ta cashe kamar an biya ta. A hanyar gida muka karyo masara a gonarmu muka gasa. Tana ɓantara ta ce, "Ba laifi. Amma ina ruwan nan naki mai ƙara? Ko shi ma ya tafi hutu?"

Rana ta uku gari ya waye tas, ko ɗigon girgije babu a kanmu. Muka bi gefen layin dogo zuwa Matsirga, inda ruwan yake, ita tana tangaɗi a kan wasu dogayen takalma da ta ƙi cirewa. Tun daga nesa muka fara jin rugugin. Da muka gangara ta ga ruwan yana zubowa fari fat, feshinsa yana jiƙa mana fuska, sai ta yi tsit. Tun da na san yarinyar nan ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ranar. Daɗi ya kama ni, na ce bari in ƙarasa ta. A ƙasa kaɗan akwai wani falalen dutse a tsakiyar kogi. Muka tattare siket muka ratsa, ruwan iya ƙauri, muka haye muka baje sauran masararmu. Ta cire takalman ta jera su a gefe.

A gaɓar da muka baro akwai wata tsohuwa tana wanke kalwa a kwando. Na ga ta miƙe tana tattara kayanta da sauri, sannan ta juyo tana ɗaga mana hannu. Ƙawata ta ɗaga mata ita ma, har da murmushi. Tsohuwar ta ɗauki dutse ta jefo. Sai da ya faɗi kusa da ƙafata na lura ba gaisuwa take yi ba, gabas take nuna mini. Na ɗaga kai. Can bayan itatuwa, kan dutsen Kagoro ya yi baƙi ƙirin.

Kowa a ƙasarmu ya san wannan. Da damina ba saman kanka kake dubawa kafin ka shiga kogi ba, kan dutse kake dubawa, domin a can ake ruwan, nan kuma yake sauka. Ni na sani tun ina goye. Shekara uku ina ɗiban ruwa a famfo, na manta.

Na dubi kogin. Ya koma kalar kunu, ɗanyun ganye suna wucewa, wata iska mai sanyi ta taso.

"Tashi!" na ce.

"Takalmana..."

"Yesu! Bar su!"

Na fizge ta muka faɗa. Inda ɗazu ya tsaya a ƙauri yanzu ya kai cinya, kafin taku biyar ya kai ƙugu, yana jan ƙafafuna kamar da hannu. Na zame sau ɗaya na sha ruwa. Ban san addu'ar da na yi ba, na dai san da yarenmu na yi ta. Tsohuwar ta shigo iya gwiwa ta miƙo gorar da take dogarawa, na kama da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin gashin ƙawata. Haka ta jawo mu kamar awaki. Da na waiwaya, falalen dutsen babu shi. Wani kututture ya bi ta kan inda muka zauna.

"'Yar gidan wa?" in ji tsohuwar tana haki.

Na faɗi sunan babana.

"Kai! Baƙo ba shi da laifi. Ke fa? Boko ya cinye miki ido? Turanci nawa kin sani, ba ki san dutse ba!"

"Ki yi haƙuri, Kaka."

"Ni za ki ba haƙuri? Ba ruwa haƙuri."

Na zauna a laka ina amai. Ƙawata kuwa, jiƙe sharkaf, ba takalmi, kitso a warware, ta kwanta a ciyawa tana ƙyalƙyala dariya.

"Wallahi 'yar ƙauye, wannan ya fi silima! Gobe ƙarfe nawa yake zuwa?"

Labari ya riga mu isa gida. Mama ta ba mu kunu mai zafi, ta daɗe da hannunta a kaina, sannan ta sakar mini ranƙwashin da har yanzu wurin bai daina tsami ba. Baba ya yi addu'ar cin tuwo mai tsawo, ya gode wa Ubangiji da ya karɓi takalma ya bar 'ya'ya.

Yau mako uku ke nan. Ko a bokiti aka juye ruwa da ƙarfi sai na zabura, kuma ban sake taka hanyar Matsirga ba. Jiya wasiƙarta ta iso. Ta ce ta ba 'yan ɗakinmu da ke Kaduna labari, duk sun yarda ban taɓa ƙarya ba, har mutum huɗu sun ce da su za a zo. Wai in tambayar musu tsohuwar nan wane lokaci ne ya fi kyau su ga kogin da ke korar mutane.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na rubuta mata su zo da Kirsimeti. Ban gaya mata ba cewa a lokacin ruwan ko idon sawu ba ya kaiwa.