Karan Dawar Bana

Jiya wani uba daga Kusfa ya kawo mana damin karan dawa, kamar yadda aka saba duk kaka, don 'yan nazare su ƙera motoci da tabarau. Na tsaya ina kallon damin, ban ji komai a raina ba. Na dai rasa wanda zan miƙa wa.

Iya ce ke karɓa. Ba malama ba ce, ita ke yi wa yaran tsarki, ta goya mai rigima. In kara ya zo, sai ta miƙe ƙafa a bakin ƙofar aji, ta ɓare ɓawon da hannu, ta goge kaifinsa a siminti kafin yaro ya taɓa. Ajin duk ya ɗauki ƙamshin ɗanyen kara.

Wata rana na ga jini a yatsanta. Na ce, "Iya, bari in kawo miki reza mana."

Ta tsotse yatsan ta ce, "Anti, reza a cikin yara? Bar shi ya yanke ni. Nawa hannun ya gama aikinsa, nasu ko farawa bai yi ba."

Cikin dogon hutu ta rasu. Yaran da suka san ta sun wuce firamare, na bana babu wanda ya tambaye ta.

Na zauna inda take zama, na fara ɓarewa. Sai da wata yarinya ta ce, "Anti, jini," sannan na lura.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa da hannun nan nata na dama za ta karɓi sakamako.