Sujadar da ta ƙi ƙarewa a bakin teku

Shekarun baya, ni da abokina da ƙanen matata muka bar Madina muka nufi gaɓar teku bayan Yanbu, za mu yi 'yan kwanaki muna kamun kifi. Ni haifaffen unguwar Ƙiblatain ne a Madina, sanina da kifi bai wuce na cikin faranti ba. Abokina kuwa injiniya ne, ɗan bakin kogi daga Yawuri, aiki ya kawo shi. Tun a hanya yake cika mana baki cewa shi da hannu yake kama kifi.

Ranar farko ya cika mana kwando, mu ko ƙaya ba mu kama ba. Washegari da hantsi ya tuɓe takalminsa zai shiga ruwa. Ƙanen matata ya ce, "Ya shaikh, mai da takalmin nan, bahar ba kogi ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "A garinmu wanda ya shiga ruwa da takalmi, yara ma sai sun yi masa waƙa."

Bai jima ba ya fito yana ɗingishi, ya zauna a inuwar mota ya ja mayafi ya rufe ƙafar. Na tambaye shi, ya ce ba komai, dutse ya taka. Ni kuma da wautata na koma kan ƙugiyata, har ina tsokanarsa wai sarkin ruwa ya gaji.

Da azahar muka tura shi gaba ya ja mu salla, tunda shi ne babba. A raka'a ta biyu muka yi sujada, sai shiru. Goshina na kan yashi mai zafi, ina jiran kabbara, ba ta zo ba. Na yi tasbihi har na rasa na nawa nake. Can na ji wani nishi da ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Na ɗago.

Yana kwance a gefe guda, gumi ya jiƙa rigarsa, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har idon sawu. Ashe kifin nan mai dafi ya taka, wanda ke lafewa a ƙasa kamar dutse. Kunyar bakin da ya cika ta hana shi faɗa.

Tsoro ya kama ni sosai. Waya ba sabis, ga tayoyin mota mun sace musu iska saboda yashi. Ƙanen matata yana ta cewa, "Yalla, Yaya, mustashfa!" wato mu yi asibiti. Muka bar tanti da kifin da komai. A haka muka ja motar, kansa a cinyata, ina kiransa yana amsawa da ƙyar, ni kuma ina tunanin da wane baki zan gaya wa matarsa.

A asibiti suka tsoma ƙafar a ruwan zafi, suka yi masa allurai. Ya kwana biyu, ya tashi da ƙafarsa. Da ya dawo hayyacinsa na balbale shi da faɗa, ina yi hawaye na zuba. Shi kuwa tambayarsa ta farko wai ina kifinsa.

Tun daga ranar na daina karɓar "ba komai" daga bakin mutanenmu, sai na ɗaga mayafin na gani da idona. Kuma har yau, ko a Harami nake, in liman ya ɗan daɗe a sujada, gabana faɗuwa yake yi.