Haƙoran Baron Zaven

Shekara arba'in Baron Zaven yana gyaran jita a wani lungu na unguwar Burj Hammud da ke gefen Beirut, a shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Gwanintarsa ta gaske tana kan ɗan maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya, mai ɗaukar sauti ya miƙa wa lasifika. Da hannu yake nannaɗe shi da wayar tagulla wadda gashi ma ya fi ta kauri. Makaɗan Beirut sun san hannunsa. Abin da ba su sani ba, kunnuwansa sun shekara uku da mutuwa. Leɓe yake karantawa, ya hau faɗa kafin a gama magana, kuma da yake dama mafaɗaci ne, ba wanda ya lura. Matarsa Araksi kaɗai ta sani.

Sai ga Lubna, mai kaɗa jita a wata ƙungiyar matasa huɗu da za su shiga sitidiyo ɗaukar kundinsu na farko. Ta ce tana son jitarta ta yi zaƙi kamar ƙararrawa, amma da cizo. Ya so ya ƙi, girman kai ya hana. Ya yi aikin da abin da yatsunsa suka tuna, ya miƙa mata bai ji sautin ko sau ɗaya ba. Wata biyar abin na cin ransa: in yatsun sun yi ƙarya, ya ɓata wa yarinya abin da ba a yi sau biyu.

Ranar da ta kawo faifan, ta sa shi a tsohuwar lasifikarsa ta katako, shi kuma ya hau gyaɗa kai. Can ta taɓa kafaɗarsa.

"Kawu, ya ka ji?"

"Ba laifi."

"Waƙar fa ta ƙare tun ɗazu, kai kana ta gyaɗa kai."

Araksi ta dire tiren kofi. "Rana dubu ta ɓarawo, tsoho. Bar borin kunya, ka yi yadda kake yi da rediyo a gida."

Lubna ta sake kunna faifan daga farko. Dattijon ya durƙusa, ya kafa haƙoransa a gefen akwatin lasifikar, ya rufe ido. Sai ga kiɗan ta muƙamuƙi, ta ƙashin kai: jita biyu suna tsere, ganga na kora su, ta Lubna kuma can sama, tangaran, kowace tsirkiya da muryarta. Tsigar jikinsa ta tashi. Ko lokacin da yake da kunne bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Hawaye na ɗiga kan katakon, bai saki ba sai da waƙa goma suka ƙare.

Ya ɗago, ga sawun haƙoransa a jikin akwatin. Ya share fuska ya ce, "'Yata, sake sa ta ukun. Ki ƙure murya, masu kunne su ji abin da kurma ya yi."